Tarar Naira Miliyan 5 Kan Kalaman Ƙiyayya: Wa Take Hawa Kansa?

Kwanan nan wani saƙo ya karaɗe wayoyin mutane a Zariya, musamman ɗaliban aikin jarida a Samaru, yana cewa duk mai karanta labarai a talabijin da ya kira wani ɓarawo ko ɗan ta'adda kafin kotu ta yanke hukunci zai biya tarar naira miliyan 5 daga aljihunsa. Wannan magana ta cakuɗa dokoki biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Tarar ta samo asali ne daga kundin ƙa'idojin Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992. A watan Agustan 2020, zamanin ministan yaɗa labarai Lai Mohammed, aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Kundin ya shafi gidajen rediyo da talabijin masu lasisi, kuma tashar ce ke biya, ba ma'aikacinta ba, kamar yadda aka ci Trust TV tarar miliyan 5 a 2022 kan shirinta game da 'yan bindiga.

Ko wannan ikon ma ya sha ƙalubale. A watan Mayun 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. A ganina ya yi daidai, domin bai dace hukumar da ta kawo ƙara ita ce kuma za ta yanke hukunci ba, ballantana a kan kalmar "ƙiyayya" wadda aka bar ma'anarta a buɗe har mai mulki zai iya cusa duk sukar da ba ta yi masa daɗi ba a ciki.

Abin da ke iya kama ɗan jarida shi kansa shi ne ɓata suna, wanda laifi ne a Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, kuma wanda aka ɓata zai iya neman diyya a kotu. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Shi ya sa "wanda ake zargi" ba ado ba ne a bakin mai labarai. Amma kalmar ba laya ba ce: wanda ya faɗe ta sau ɗaya, sannan ya nuna fuskar mutum yana kiransa "gawurtaccen ɓarawo" har ƙarshen rahoto, bai tsira ba. Haka nan wanda ya ce "Fulani sun kai hari" alhali abin da ya sani kawai shi ne wasu 'yan bindiga sun kai hari, ko da ba wanda ya kai shi ƙara, ya jefa makiyayin da ke kawo nono Sabon Gari cikin haɗari.