Waiwaye: Magungunan da ke cikin abin da masunta ke zubarwa

Duk sa'ad da babban jirgin kamun kifi ya jawo tarunsa daga ƙasan teku, ba kifi kaɗai ke fitowa ba. Akwai soson teku, da dodon koɗi, da sauran halittu marasa ƙashin baya da kasuwa ba ta nema. Sai a share su a mayar ruwa, da yawansu matattu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 1994 cewa ana zubar da tan miliyan 27 na kamu duk shekara. A 2019 ta ce kimanin tan miliyan 9 ne, kuma masu jan taru a ƙasan teku su ne kan gaba.

Abin takaicin shi ne, tun farkon shekarun 1950 aka san darajar irin waɗannan halittu. A lokacin ne Werner Bergmann na Jami'ar Yale ya ciro wasu sinadarai daga wani soso na tekun Karebiyan. A kan fasalinsu aka ƙera cytarabine, maganin sankarar jini da Amurka ta amince da shi a 1969, wanda har gobe asibitoci na amfani da shi. A 1986 masana a Japan suka bayyana wani sinadari mai suna halichondrin B, shi ma daga soso. Sai da aka shekara 24 kafin ya haifar da eribulin, maganin sankarar mama.

Me ya jawo jinkirin? Ƙarancin sinadarin. Tan guda na soson da aka kwaso a tekun New Zealand bai ba da abin da ya kai giram ɗaya ba, dole aka koma haɗa makamancinsa a ɗakin gwaji. Ga masu bincike na neman samfur ido rufe, ga jirage na zubar da shi kullum.

Shi ya sa wasu masana suka fara karɓar abin da taru ya riga ya kamo suna bincikawa. A ganina wannan daidai ne, muddin bai zama hujjar ƙara kwashe ƙasan teku ba, domin soson ruwa mai zurfi kan ɗauki shekaru gommai kafin ya girma. Dokar hana zubar da kamu ma ba ta waiwayi waɗannan halittu ba. Wadda Tarayyar Turai ta kammala aiwatarwa a 2019, ta tilasta sauke kamu a gaɓa, ta fi shafar kifayen da aka ƙayyade adadin kamunsu ne, ba soso ba.