Hirar Wurin Cin Abinci a Jos: Amsar Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Da zarar Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, ko lokacin bukukuwa ya kama, sai tambayoyin nan su dawo mini kamar ban taɓa amsa su ba. Ga su a wuri ɗaya.

Dole ne sai na san fina-finai da waƙoƙin da ake yayi kafin in iya hira a walima?

A'a. Tambayi na kusa da kai abin da yake kallo kwanan nan, ka saurare shi.

An kawo abincin da ban taɓa gani ba. In yi yaya?

Ka tambaya mana! Ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ka yamutsa fuska a gaban wadda ta wuni a madafa. In gwate ne, tsakin masara ne ko acca da aka dafa da yakuwa da alayyahu da gauta. Ɗanɗana, sannan ka ce, "Mama, yaya kike wanke accar nan har ba yashi?" Duk wadda ta taɓa rege acca ta san wahalar da ke ciki, kuma za ta ji daɗi an lura. Daga nan hira za ta kai ku gonakin dankalin turawa na Bokkos da Mangu ba tare da ka sha wahala ba.

Dattawa sun fara zancen mawaƙan zamanin da, ni kuma ban san su ba.

Wannan ita ce take ɓata mini rai. Kana zaune a Jos, kana iya jera sunayen mawaƙan Legas da na Amurka, amma a ce maka Ɗan Maraya ka yi shiru? Mutumin da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da talakan gari waƙa, ya zaga ƙasashe da ita, ya rasu a garin nan a 2015? Ka nemi waƙoƙinsa ka ji, ka haɗa da na Mamman Shata da ya rasu a 1999. Kafin nan, ce wa dattijon, "Baba, ka taɓa ganinsa yana wasa?" Sai ka gyara zama.

Maƙwabcina Kirista ya gayyace ni cin abinci. Ina son zuwa, amma ina tunanin naman, kuma wataƙila a kawo giya.

To, wannan kam ba ta da amsa guda. Ya danganta da gidan, da irin zaman da ke tsakaninku. Da yawa daga cikin Kiristocin garin nan sun san damuwarka tun kafin ka faɗa. Akwai gidajen da ke kiran Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti don maƙwabta su ci hankali kwance, wasu kuma a wurin mahauta Musulmi suke sayen nama duk shekara. Amma ba kowane gida ba ne, don haka kada ka ɗauka haka nan. In kun saba, yi masa magana kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ku biyu kawai, cikin ladabi. Kada ka bari sai an zuba maka a gaban baƙi sannan ka fara tambayar wa ya yanka. In ba ku saba sosai ba, ko nauyin tambayar ya hana ka, wataƙila ya fi ka je ka ɗauki kifi ko dankali ko 'ya'yan itace, ka yaba girkin, ka wuce naman ba tare da sanarwa ba. Mafi yawan masu gida za su gane.

Batun giya ya fi wuya. Wasu ba sa zama inda ake shan ta ko kaɗan, wasu kuma sukan koma gefe da lemonsu. Ba ni zan yanke maka wannan ba, tambayi malaminka. Abin da na gani yana yi wa mutane sauƙi shi ne zuwa da rana: a gaisa, a ci, a tashi kafin zaman dare. Kwantar da hankalinka, wanda ya gayyace ka so yake ka zo. Kuma ranar Sallah kada ka manta da aika masa nasa kason.

Wayata fa?

Aljihu.

An fara gardama kan Kannywood, wani ya ce lalata tarbiyya kawai suke yi.

Iya bakinka. A Jos ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, kuma aka naɗa Ali Nuhu ya shugabance ta a 2024. Makarantar koyon aikin fim ta hukumar ma a nan take. Mai yiwuwa wanda ke miƙo maka ruwa da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Soki fim ɗaya da ka kalla, ka faɗi abin da bai yi maka ba, ko labarin ne ko yawan rawa. Amma kada ka yi wa dubban mutane kuɗin goro.

Ban san komai game da zane da sassaƙa ba.

Ciro naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, ta yi aiki a cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta rasu a 1984. Sannan gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952, da kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok a ciki. Kai yara ranar Asabar, za ka dawo da abin faɗa.

Siyasa da rikicin gari?

Ba a kan abinci ba. Ba ka san wanda ya rasa ɗan uwa a cikin masu zaman ba. In wani ya ɗauko zancen, juya ka tambayi uwargida inda ta sayi yajinta.