Tayar da injin tsohuwar mota bayan doguwar ajiya

Tayar da injin tsohuwar mota bayan doguwar ajiya shi ne aikin dawo da injin da ya yi shekara da shekaru a kashe zuwa bakin aiki, ba tare da an kwance shi gaba ɗaya ba. Ya bambanta da gyaran yau da kullum, domin galibi ba wani abu ne ya karye ba. Lafiya lau aka kashe motar, aka lulluɓe ta da tamfol a bayan gida, mai ita ya rasu ko ya sayi sabuwa, zama kuma ya yi mata abin da hanya ba ta yi mata ba. Mafi munin ɓarna ba a shekarun ajiyar take aukuwa ba, a minti na farko take aukuwa, lokacin da wani ya ɗaura sabon batir ya murɗa makulli don ya ga ko za ta tashi.

Fijo 504 a matsayin misali

A ƙasar Hausa ɗaya daga cikin motocin da ake samu cikin wannan hali ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Turai. Ta yi motar gwamnati, ta yi motar haya tsakanin birane, ta yi motar Alhaji. Shi ya sa har yau ake cin karo da ita a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa.

Injinta na fetur mai silinda 4 ne, wanda aka fi sani mai girman cc 1971, akwai kuma na farko mai cc 1796. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyom, kuma a kishingiɗe yake cikin bonet da kusurwar digiri 45. Kafireta ce ke haɗa masa mai da iska, kontak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa, shi ne ke ba shi wuta, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Wannan sauƙin ne ya sa bakaniken da ya san hannunsa ke iya farfaɗo da shi da sifana da sukundireba kawai.

Abin da zama ke yi wa inji

Baƙin mai shi ne ke fara gudu. A hankali yake tsiyayewa daga jikin silinda da biyarin, wato mazaunin da sandunan inji ke juyawa a kai, ya koma ƙasa, ya bar ƙarfe yana kallon ƙarfe. Sannan duk inda inji ya tsaya, sai an sami bawul, wato murfin ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi, da ya tsaya a buɗe, ta nan ne laimar damina ke shiga ta zauna a kan fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda. Tsatsa ta kama bangon silinda, zoben fistin ya manne da shi. Idan shekarun sun yi yawa, sai injin ya cije, ya ƙi juyawa sam.

Fetur kuwa ba ya jure ajiya. Cikin watanni sassansa masu saurin kama wuta suke tashi su bi iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi wari irin na tsohon fenti, ya zama danƙo. Danƙon nan ne ke toshe ƙananan ƙofofin kafireta waɗanda ba su fi tsinin allura ba. Tankin da aka bari rabinsa iska kuma yakan yi gumi ta ciki, ya yi tsatsa.

Yanayin arewa yana da nasa rabon. Zafin bazara na busar da duk wani abu na roba: tiyon ruwa, fanbel, robar da ke cikin famfon mai. Ƙurar hunturu ba ta bar kafa ba. Ɓeraye na yin sheƙa a gidan matatar iska su ci rigar waya, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa na laka a bakin kafireta ko cikin salansa. Dunƙulen lakar nan ƙarami ne a ido, amma idan inji ya zuƙe shi, yashi ne ya shiga silinda.

Kafin a taɓa makulli

Aikin farko kallo ne. Ana zaro sandar gwada mai a duba. Idan man ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, sai an gano ta inda ya bi kafin a ci gaba. Ana share ƙura da tarkace daga ramukan filogi kafin a kwance su, domin filogin 504 a can cikin rami mai zurfi yake, duk abin da ya taru a wurin cikin silinda zai faɗa.

Bayan an cire filogin duka huɗu, sai a zuba ɗan mai marar kauri a kowane rami, kamar cokali biyu. Wasu na amfani da man giyar otomatik, wasu su gauraya baƙin mai da gas. A nan kishingiɗar injin tana da tasiri, domin man yakan gangara ya taru a gefen ƙasa na fistin ya bar gefen sama a bushe. Don haka ya fi kyau a fesa shi da siririn tiyo ya zagaye bangon. Daga nan sai haƙuri, kwana biyu ko mako guda.

Da hannu ake fara juya inji, ba da kik ba. Ana sa sifana a babban notin da ke gaban injin, giya tana firi, a ja a hankali. Hannu yana jin abin da kik ba ya ji. Idan ya juya sumul har zagaye biyu, an tsallake babban siraɗi. Idan ya tafi kaɗan ya tsaya cak, mai yiwuwa wani bawul ne ya maƙale, sai a buɗe murfin sama a ga wanda bai dawo ba. Idan kuwa ya ƙi motsi, a ƙara mai, a ƙara jira, a riƙa rausaya shi gaba da baya. Ɗaure motar da igiya a ja ta a cikin giya don a ɓalle injin ƙarfi da yaji ganganci ne, yana karya zobe, yana lanƙwasa sandar fistin.

Akwai wani tarko na musamman ga wannan inji. Silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba, kofuna ne daban da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye, kan injin ne kuma ke danne su. Idan dole ta sa aka cire kan, ba a juya injin sai an danne kofunan da wani ƙarfe. In ba haka ba fistin zai ɗago kofi, abin da ke toshe ruwa a gindinsa ya saki, ruwa ya riƙa sauka cikin baƙin mai. Aikin yini ɗaya ya koma sauke inji.

Mai, wuta da ruwa

Da zarar injin ya yarda ya juya, ana zubar da tsohon baƙin mai, a sa sabo wajen lita 4 tare da sabuwar filta. Tsohon tanki ba a yarda da shi tukuna. Ana cire tiyon da ya fito daga cikinsa a tsoma wani cikin galan mai tsaftataccen fetur, a wanke kafireta ƙofa-ƙofa da iska da fetur, ba da waya ba, domin waya na faɗaɗa ƙofar. Famfon mai na bukatar kulawa: idan robarsa ta tsage, fetur na iya zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Ta fannin wuta, bakin kontak yakan yi dattin da ke hana wuta wucewa. A goge shi, a saita tazararsa wajen milimita 0.4, a duba wayoyin da ɓera ya taɓa. Tsarin tashin wutar 1-3-4-2 ne, kuma Peugeot daga bayan inji take fara ƙidayar silinda, ta wajen kuloci, abin da ke ruɗa wanda ya saba da motocin Japan. Tsohon batir da ya daɗe a mace ba ya dawowa. Lagireto a wanke shi, a matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi tauri ko ya tsattsage a canza shi. Irin waɗannan kayan na 504 har yanzu ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna.

Tashin farko

Kafin a mayar da filogi, ana cire wayar kwayil a riƙa buga kik na daƙiƙa goma-goma, ana barinsa ya huce tsakani, har jar fitilar mai ta mutu. Mutuwarta ce shaidar cewa mai ya kai ga biyarin. Wannan bugun ne kuma ke fitar da ragowar man da aka jiƙa silinda da shi, wanda idan ya yi yawa aka rufe shi da filogi zai iya yin ɓarna.

Sannan a ɗaura filogi, a ja cok, wato abin da ke rage wa kafireta iska, a buga. Al'adar tsiyaya fetur a bakin kafireta ana cikin buga kik tana da haɗari ƙwarai, domin inji na iya yin atishawar wuta ta nan. Aikin a fili ake yinsa, da abin kashe gobara kusa. Idan ya kama, ba a taka masa totur. A bar shi ya ɗan ɗara silo, ido na kan fitilar mai da allurar zafi, kunne na kan ƙararsa. Shuɗin hayaƙi na mintunan farko ba abin tsoro ba ne, man jiƙo ne ke ƙonewa. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, shi ke nuna gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangarsa, ya tafi. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji kuwa, a kashe nan take.

Zoben da ya ɗan manne yakan saki da kansa bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa, shi ya sa ba a yanke hukunci kan ƙarfin matsin silinda a rana ta farko. Man da aka tayar da shi ba ya daɗewa, ana sake zubar da shi bayan ɗan gajeren aiki, domin ya kwashe tsatsa da datti. Motar kuma ba ta hawa titi don inji ya tashi. Man birki na shan laima, robobinsa sun bushe, faifan kuloci kan manne, tayoyin da suka yi shekaru a wuri ɗaya sun tsage ko da zanensu bai ci ba. Gwajin farko a cikin fili ake yinsa, a giya ta ɗaya, hannu na kan hambirki.