Edward Jenner, likitan ƙauyen Ingila da ya samo maganin agana: tambayoyi da amsoshi

Idan ana lissafa manyan mutanen Birtaniya, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Sarauniya Victoria, Winston Churchill da Isaac Newton. A ganina akwai wanda ya fi su taɓa rayuwar talakan duniya, har da kakanninmu. Duk dattijon da ka ga yana da tabon lambar agana a damtse, aikin wannan mutumin ne ya iso jikinsa.

Wane ne Edward Jenner?

Likita ne da aka haifa a 1749 a Berkeley, wani ƙaramin gari na makiyaya a yankin Gloucestershire da ke yammacin Ingila. Ya koyi aikin tiyata a Landan wurin John Hunter, wanda ya shahara ƙwarai a zamaninsa, sannan ya koma garinsu ya ci gaba da duba manoma da masu kiwo. A can ya rasu a 1823.

Wace irin cuta ce agana da har maganinta ya ɗaukaka mutum haka?

Yaran yanzu ba su san ta ba, alhamdu lillahi. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, sai ƙuraje su feso tun daga fuska har tafin ƙafa, su cika da mugunya. A cikin mutum goma da suka kamu da mai tsananinta, kusan uku sukan mutu. Wanda ya tashi kuma yakan tashi da zanzana a fuska har iyakar rayuwarsa, wasu ma su makance. Ba ta barin fada: ita ta kashe Sarauniya Mary ta Biyu ta Ingila a 1694.

Kafin Jenner babu wata dabara ke nan?

Akwai, kuma ba Turawa ne suka ƙirƙiro ta ba. Tun da daɗewa mutanen Sin, Indiya, ƙasar Turkawa da wasu sassan Afirka sukan ɗebi ruwan ƙurjin mai agana su sa wa mai lafiya a 'yar tsaga, don ya yi ciwon sama-sama ya tsira daga babban. Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Istanbul, ta ga ana yin haka, ta sa aka yi wa 'yarta a Landan a 1721. A shekarar ne kuma aka gwada dabarar a Boston ta Amurka, bayan wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ya bayyana wa ubangidansa yadda ake yi a ƙasarsu.

Sai dai dabarar tana da haɗari. Mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari sukan mutu, kuma wanda aka yi wa yana iya yaɗa cutar ga 'yan gidansu. Shi kansa Jenner an yi masa yana ɗan shekara takwas, ya sha wuya.

To mene ne sabon abin da ya kawo?

A karkarar Ingila mutane sukan ce matan da ke tatsar shanu ba sa kamuwa da agana. Shanu suna da wata 'yar cuta, aganar shanu, mai fitar da ƙuraje a hantsa, tana kama hannun mai tatsa, ta warke ba tare da wata illa ba. Likitocin birni sun ɗauki zancen a matsayin camfin ƙauyawa. Jenner kuwa, da yake cikin makiyayan yake zaune, ya kasa kunne, ya yi shekaru yana bin diddigi.

Ranar 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa a hannun James Phipps, ɗan shekara takwas, ɗan mai kula masa da lambu. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya miƙe. A watan Yuli Jenner ya sa masa ruwan agana ta gaske, bai kamu ba. Ya aika da rahoto ga ƙungiyar masana ta Royal Society, suka ƙi bugawa. Sai ya ƙara tara shaida, a 1798 ya buga da kansa, ɗauke da bayanin mutum 23. Daga kalmar Latin ta saniya, wato vacca, aka samo sunan da Turawa ke kiran allurar rigakafi da shi har gobe, wato vaccine.

Amma gwada cuta a jikin yaro ba ganganci ba ne?

Wannan tambayar tana damuna, kuma ba zan wanke shi gaba ɗaya ba. Yau babu hukumar lafiya da za ta yarda da haka, balle ga ɗan wanda ke ci a ƙarƙashinka, wanda da wuya ya iya cewa a'a. Abin da za a iya faɗa a madadinsa shi ne, sa wa yara ruwan agana abu ne da likitoci ke yi kullum a lokacin, kuma ya yi wa ɗansa na cikinsa irin wannan lambar.

Shi ne mutum na farko da ya yi amfani da aganar shanu?

A'a. Wani manomi a Dorset, Benjamin Jesty, ya yi wa matarsa da 'ya'yansa biyu tun 1774. Fifikon Jenner shi ne ya gwada, ya rubuta, ya raba ruwan rigakafin ga likitocin ƙasashe, bai mayar da shi sirrin neman kuɗi ba. Ya ma kafa 'yar bukka a lambunsa inda yake yi wa talakawa kyauta.

Mutane sun karɓa hannu bibbiyu?

Ina! Wasu malaman coci sun ce ƙazanta ce a sa abin dabba a jikin ɗan Adam. An yi zane-zane ana nuna kan saniya na tsirowa a jikin waɗanda aka yi wa. Duk da haka majalisar dokoki ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807. A 1840 aka hana tsohuwar dabarar, a 1853 aka wajabta rigakafin ga jarirai a Ingila da Wales.

Yaushe aka rabu da cutar baki ɗaya?

Sai bayan shekara 180 da 'yan kai daga gwajin Jenner. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa yaƙin a 1967, kuma Najeriya tana cikin labarin. A yankin Ogoja ne, a ƙarshen 1966, wani likita Ba'amurke, William Foege, ya ga maganin da ke hannunsa ba zai isa kowa ba, sai ya riƙa neman inda cutar ta ɓulla yana yi wa na kewaye da majinyacin kaɗai. Dabarar ta yi aiki, aka ɗauke ta zuwa Indiya da sauran ƙasashe. Mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a gari shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibiti a Marka ta Somaliya, a Oktoban 1977, kuma ya warke. Ranar 8 ga Mayu 1980 aka sanar da cewa agana ta ƙare a duniya.

Shi yaron fa, me ya faru da shi?

James Phipps ya girma lafiya, ya yi aure ya haihu. Jenner ya ba shi gida a Berkeley ya zauna da iyalinsa ba tare da biyan haya ba. Yana cikin waɗanda suka raka gawar likitan a 1823, shi kuma ya rayu har 1853.