Edith Piaf: Tun Kafin Fim Aka Fara Sayar Da Wahalarta

Tun daga watan Nuwamba na 2023 da aka ce za a yi sabon fim na rayuwar Edith Piaf, shahararriyar mawaƙiyar Faransa, na zane, kuma a sa kwamfuta ta koyi muryarta daga tsofaffin faya-fayai ta riƙa ba da labarin da bakinta, surutu ya ƙi ƙarewa. Wasu na cewa a bar matar nan ta huta a kabarinta, wasu na cewa ai masu kula da gadonta sun yarda to meye na wani a ciki. Da Celine Dion ta hau hasumiyar Eiffel ta rera Hymne à l'amour a buɗe gasar Olamfik ta Paris a Yulin 2024 sai aka sake tono maganar, har aka koma kan fim ɗin 2007, La Môme, wanda a waje aka fi sani da La Vie en Rose. Ƙorafin da ake masa har yau ɗaya ne, wai an cika shi da kuka da allura da kwalba, an manta cewa matar mawaƙiya ce mai sana'a a hannu. Ni dai na yarda da ƙorafin, inda ban yarda ba shi ne a ce daga fim ɗin abin ya soma.

Farkon labarin kowa ya haddace shi. An haife ta 19 ga Disamba 1915, uba ɗan wasan lanƙwasa jiki a titi, uwa mawaƙiyar gefen hanya da ta watsar da ita, ta yi wani ɓangare na yarinta a gidan karuwai da kakarta ke riƙe da shi a Bernay, ciwon ido ya kama ta. Ta haifi 'ya mai suna Marcelle da ta rasu tana shekara 2. A 1935 Louis Leplée ya ji ta tana waƙa a titi ya ɗora ta a dandalin gidan rawarsa, shi ya laƙaba mata Piaf, wato gwara, don 'yar mitsitsiya ce ko mita ɗaya da rabi ba ta kai ba. Bayan 'yan watanni aka kashe shi, 'yan sanda suka yi mata tambayoyi suka sake ta. Sai ɗan dambe Marcel Cerdan, masoyinta, da ya mutu a haɗarin jirgin sama a tsibiran Azores a Oktoban 1949 yana hanyar zuwa wurinta a New York. Sai haɗarin mota a 1951 da ya jawo mata sabo da mofin, allurar kashe zafin ciwo. Shi ke nan, duk wanda ya kalli fim ɗin ya ga waɗannan.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarar 1959, kuma a ganina nan ne komai ya juya.

A watan Fabrairu na shekarar ta yanke jiki a otal ɗin Waldorf Astoria a New York inda take wasa, aka kwashe ta asibiti aka yi mata aikin ciki. Mace mai shekara 43 amma in ka ga hotunanta na lokacin sai ka rantse ta ba sittin baya, gashi ya zube, yatsu sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai, tafiya ma sai a hankali. Ta dawo Faransa ga kuɗin asibiti ga tarin jama'ar da ke ci a gidanta, don Piaf ba ta iya riƙe kuɗi ba, abin da ya shigo da dare kafin azahar ya bi iska. Likitoci suka ce ta kwanta, ta ce a'a, a ƙarshen shekarar ta ɗauki hanya tana bin ƙananan garuruwan Faransa ɗaya bayan ɗaya tana wasa. Jaridu suka sa wa tafiyar suna zagayen kashe kai, kuma ba wai don su hana ta ba, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto suka dinga bin motarta gari gari, kowa na so ya zama yana wurin ranar da za ta faɗi ba ta tashi ba.

A Maubeuge, can arewa kusa da iyakar Beljiyam, ta rikice a tsakiyar waƙa, baitin ya ɓace mata, aka ja labule, bayan ɗan lokaci ta dawo ta ci gaba, zaure ya ɗauki tafi kamar zai tsage. A Dreux a watan Disamba abin ya kai maƙura, da ƙyar take tsayuwa tana dafa fiyano, daga nan aka wuce da ita asibiti aka soke sauran wasannin. To ka tsaya ka yi tunani, mutumin da ya sayi tikiti a wancan makon, bayan ya karanta a jarida cewa jiya ta faɗi, me ya zo gani? Waƙar Milord da ta fito a shekarar ai yana da ita a faifai a gida. Ya zo ne ya ga ko za ta kai ƙarshe. Kafin 1959 mutane na zuwa jin mace mai rera waƙoƙin wahala, talakan titi da karuwa da sojan da bai dawo ba, daga 1959 kuwa wahalar ta tashi daga cikin waƙa ta koma jikin mai waƙar, kuma aka gano cewa wannan ya fi cika zaure.

Ita ma fa ba yarinya ba ce, ta gane kasuwar sarai. Da ta dawo zauren Olympia na Paris a ƙarshen Disamban 1960 da waƙar Non, je ne regrette rien, wato ba na nadamar komai, wadda Charles Dumont da Michel Vaucaire suka rubuta, kowa ya ɗauke ta a matsayin wasiyya, alhali ba ita ta rubuta kalma ko ɗaya ba. A shekarunta na ƙarshe, bashi ya yi mata katutu, ta riƙa zama da 'yan jarida tana ba su labarin rayuwarta ana bugawa kashi kashi, kuma duk wanda ya san mai ba da labari don ya ci abinci ya san ba a rasa ƙarin gishiri. Wai an haife ta a kan matakalar gida mai lamba 72 a titin Belleville cikin sanyi, har allo aka kafa a wurin bayan ta rasu, amma takardar haihuwarta ta ce asibitin Tenon. Wai ta makance shekaru sai da aka kai ta ziyara kabarin wata waliyyiyar Kirista a garin Lisieux ta warke, masu bin diddigi suka ce ciwon ido ne da ya yi sauƙi. Ko mutuwarta sai da aka gyara, ta cika ne 10 ga Oktoba 1963 a Plascassier kusa da Grasse tana da shekara 47, aka ɗauko gawar a mota cikin dare zuwa Paris aka sanar washegari, don kada a ce gwarar Paris ta mutu a wani wuri.

Daga nan abin ya zama gado. Littattafai, fim a 1974, wasan dandali a Ingila a 1978, wani fim ɗin a 1983 kan soyayyarta da Cerdan, duk tukunya ɗaya ake ɗiba. Lokacin da Olivier Dahan, daraktan La Môme, ya zo a 2007 ya tarar an riga an dafa, shi dai ya zuba ne a kwano mai kyau. Kuma gaskiya Marion Cotillard, wadda ta fito a matsayin Piaf, ta yi aiki, an aske mata gira da gaban goshi, ta duƙa ta tsufa a gaban kyamara har ka manta budurwa ce, ta ci Oscar a 2008, karo na farko da aka ba jaruma wannan kyautar a fim na Faransanci. Mutum sama da miliyan 5 suka kalla a sinimomin Faransa kaɗai. Amma duba abin da aka tsallake. Zamanin da Jamus ta mamaye Faransa a yaƙin duniya na biyu, da ta ci gaba da wasa a Paris har ta je Jamus ta yi wa fursunonin yaƙi Faransawa waƙa, abin da ya sa aka bincike ta bayan yaƙi kuma har yau ake gardama a kai, kusan babu shi. Yadda ta raini mawaƙa Yves Montand da Charles Aznavour ta koya musu tsayuwa a dandali, sai dai a ambata a wuce. Cewa ita da hannunta ta rubuta baitocin La Vie en rose da Hymne à l'amour, mai kallo zai iya fita bai sani ba. Faɗuwa kuwa, da allura, da ihu a lungun gida ranar da labarin Cerdan ya iso, an ba su lokaci isasshe.

Yanzu kuma ga na kwamfuta, an ce da muryarta za a ba da labarin, har da abubuwan da ba a sani ba. Muryar dai daga hirarraki da faya-fayan da ta bari za a tattaro ta, kuma cikin hirar da ta yi a talabijin akwai wadda ta yi a waɗancan shekarun na ƙarshe, tana zaune da kanannaɗaɗɗun yatsu, ana tambayarta ko tana tsoron mutuwa.