Ɗaukar aiki da bambancin jama'a: me doka ta tanadar wa mutumin karkara?

Duk sanda aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, zancen da ake yi a tasha da teburin mai shayi ɗaya ne: duk 'yan cikin gari ne. Wani ya ce son kai ne, wani ya ce dama haka aka saba, a watse. Kaɗan ne suka san kundin tsarin mulki ya yi magana a kan wannan takardar da ke jikin bango, har ma akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya da ta shafe ta.

Wanda mutane suka fi ji shi ne sashe na 14(3) na kundin 1999, wanda ya ce kada wasu 'yan tsirarun jihohi ko ƙabilu su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Shi ya sa da an ce raba daidai hankali yake tafiya Abuja. Amma ƙasa da shi kaɗan akwai 14(4), kuma shi ne namu. Ya ambaci gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma da sunansu, ya ce a kafa su, a kuma gudanar da su, ta yadda za a lura da bambancin mutanen da ke ƙarƙashinsu, kowa ya ji cewa da shi ake yi.

Wani zai ce wane bambanci, ba duk Hausawa ba ne? Mai faɗin haka bai zaga ba. A ƙasar Haɗeja, wajen Birniwa da Guri da Kirikasamma, akwai Mangawa da Badawa da Ngizimawa. A Birnin Kudu akwai Warjawa. A kudancin Kano, wajen Doguwa, akwai Kurama, ga Maguzawa a ƙauyuka da dama, ga Fulanin ruga a ko'ina. Ko inda harshe da addini suka zama ɗaya, tsakanin mazaɓar da ke bakin kwalta da wadda sai an tsallake fadama ake isa akwai tazara, kuma ana ganinta a jerin ma'aikata.

Sai dai sashe na 14 yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya ce ba a kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye. Haƙoransa suna wajen Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1996, mai wakili daga kowace jiha, kuma doka ta ba ta ikon gurfanar da shugaban ma'aikatar da ya ƙi bin ƙa'ida. Ƙa'idar ta ce a hedikwatar ma'aikatar tarayya 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari, kada su wuce kashi 3, Abuja kuma kashi 1. A rassa kuwa, aƙalla kashi 75 su fito daga yankin da reshen yake. Wannan ta ƙarshen ita ce matashin Kiyawa ko Jahun ya kamata ya riƙe idan wata hukumar tarayya mai ofis a Dutse ta buɗe ɗaukar ƙananan ma'aikata.

Duk wannan lissafin a kan takarda ɗaya yake tsaye, takardar indijin. Mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, sannan a kai sakatariya. A nan ne a ganina tsarin yake da rami. Mutumin da kakansa ya taso daga wata jiha ya zauna a Kura tun zamanin da aka fara noman rani da ruwan Tiga, a nan aka haife shi, a nan yake biyan haraji, yana iya rasa takardar a nan, can kuma ba wanda ya san shi. Matar aure ma, a rabon tarayya, da jiharta ta haihuwa ake lissafa ta, ko ta shekara nawa a ɗakin miji.

Raba daidai aikin gwamnati kawai ya shafa. Injin casar shinkafa a Haɗeja ko kamfanin gyaran riɗi a Maigatari ba wanda zai ƙirga musu kaso. A nan ne haɗin kan ƙasashe ya shigo. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, mai mazauni a Jeneba, tana zaunar da gwamnatoci da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ma'aikata a tebur ɗaya. A 1958 ta fitar da Yarjejeniya ta 111, Najeriya ta amince da ita a 2002. Ta hana fifita wani ko ture shi a harkar aiki saboda jinsin mutanen da ya fito daga ciki, launin fata, zama mace ko namiji, addini, ra'ayin siyasa, ƙasar da tushensa yake, ko gidan da aka haife shi. Hanin bai tsaya ga ranar ɗauka ba, ya haɗa da horaswa da sharuɗɗan aiki. Ƙasar da ta amince kuma dole ta riƙa kai rahoto, kwamitin masana ya duba ya yi mata tambayoyi.

Maganar gidan haihuwa ta fi kusa da mu fiye da yadda muke son yarda. Har yanzu akwai inda za a ga yaro da difuloma a hannu a ce ai ɗan mahauta ne, ko a tono cewa kakanninsa bayi ne, ko a ce gidansu ba a shugabanci. Sashe na 42(2) na kundinmu ma ya faɗa a fili: ba a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Shi wannan sashen yana babi na huɗu, ana zuwa kotu da shi.

Yarjejeniyar ba ta ce kowane zaɓi wariya ne ba. Idan aikin da kansa yake buƙatar abin, babu laifi. Makarantar Islamiyya da ta nemi malamin Ƙur'ani Musulmi ba ta karya komai ba. Haka tanadi na musamman don ɗago waɗanda aka bari a baya, irin kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati da dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 ta ware. Amma a ce mai gadi ko mai awon buhu sai ɗan jam'iyyar mai gida, wannan ba shi da mafaka.

Da can ana cewa yarjejeniyar waje ba ta aiki a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kamar yadda sashe na 12 ya tanada. Gyaran kundi na uku, na 2010, ya sauya wannan a harkar ƙwadago. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar wariya a wurin aiki, da ikon amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Kotun tana da reshe a Kano.

Wahalar tana wajen shaida. Leburan da ake biya kullum da yamma ba shi da takardar ɗauka, wanda ya kore shi kuma ba zai rubuta dalili ba. Wanda ya ga alamar haka ya ajiye tallar aikin da aka liƙa, ya ɗauki hoton jerin sunaye da wayarsa, kada ya goge saƙon WhatsApp ko alat ɗin albashi, ya kuma riƙe sunayen waɗanda aka yi maganar a gabansu. Idan aikin gwamnati ne, ƙorafi a rubuce zuwa ofishin Hukumar Raba Daidai na jiha shi ne matakin farko. Idan kamfani ne, sai ofishin ƙwadago ko lauya, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya fara da Hukumar Agajin Shari'a.