Kifin wel: suna na kifi, hali na dabba

Idan ka ji an ce "kifin wel" a labarai, kada ka kawo tarwaɗa ko giwan ruwa a ranka. Kifi muke ce masa don a teku yake, amma haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono, kuma tilas ya ɗago sama ya shaƙi iska. Wannan ɗagowar ce ke tona masa asiri wurin mafarauta.

Kafin kananzir ya wadata, da mansa ake kunna fitila a Amurka da Turai. Jiragen ruwa masu tafiya da iska kan bar tsibirin Nantuket na Amurka don farautarsa, su yi shekara biyu ko uku ba su ga gida ba. Da an hango feshin numfashinsa, sai a sauke ƙananan kwale-kwale, mutum shida a kowanne, su matsa gab da shi a caka masa mashi mai ɗaure da igiya. Nan fa ido ke raina fata. Sai ya fizgi kwale-kwalen a guje, igiya na zarewa har tana hayaƙi ana kwara mata ruwa. In ta naɗe ƙafar mutum, sai dai a yi masa addu'a. Duka ɗaya da jela kuwa ya isa ya farfasa kwale-kwalen.

Babban jirgin ma bai tsira ba. A kansa ake soya kitsen a murhun bulo, jirgi na katako, ko'ina mai. Ni dai wannan gangancin ya fi ba ni tsoro. Ga kuma ƙanƙara: a 1871 jiragen Amurka 33 suka maƙale a gaɓar Alaska, dole aka bar su.

Labarin jirgin Essex ya fi kowanne muni. Ranar 20 ga Nuwamba 1820, a tsakiyar tekun Fasifik, wani ƙaton wel ya yi masa karo sau biyu har ya fasa shi. Mutum 20 suka koma kwale-kwale uku da ɗan guzuri. Da yunwa ta kai maƙura, gawar 'yan'uwansu suka ci, har aka yi ƙuri'a aka harbe wani matashi ɗan'uwan kyaftin Joj Folad. Takwas kaɗai suka koma gida.